Ranar da Na Kwantar da Babana a Cikin Mayen Ƙarfe

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, kuma na rantse da Allahn da raina ke hannunsa ban ƙara masa ko gishiri ba. Shekara bakwai ke nan ina haɗiye shi, ko matata ba ta san rabinsa ba. Abin da ya sa na buɗe baki yanzu za ku ji shi in mun kai ƙarshe.

A lokacin ina aiki a wani wurin ɗaukar hoton marasa lafiya a Sabon Gari, nan Zariya. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don masu shi ba su yi laifin komai ba, laifin nawa ne ni kaɗai. Ni ba likita ba ne, ba kuma ni ke ɗaukar hoton ba. Aikina kula da injin, babbar na'urar nan da ake kira MRI, wadda ake kwantar da mutum a tura shi cikin rami kamar na kwalbati, a ga abin da ke cikin kansa ko bayansa ba tare da an tsaga shi ba. Kullum da safe in taso daga Samaru a kan mashin, in riga kowa isa, in duba allon injin, in rubuta abin da na gani, sannan in nemi mai shayi.

To ga abin da yawancin mutane ba su sani ba, kuma sai kun san shi za ku gane sauran. Injin nan mayen ƙarfe ne, amma ba irin wanda muke ɓallowa daga tsohuwar rediyo muna yara muna jan ƙusa da shi ba. A cikinsa akwai doguwar waya a nannaɗe, an nutsa ta a cikin wani ruwa da ake kira hiliyam, wanda ƙanƙara a gabansa garwashi ce. Ranar da aka kafa injin aka zuba wa wayar nan wuta sau ɗaya tak, aka cire abin zubawar aka tafi da shi, ita kuma wutar ta ci gaba da zagayawa ita kaɗai, ba ta raguwa, ba ta gajiya, muddin sanyin nan yana riƙe da ita. A ɗauke wuta a gari, a tashi aiki, ranar Sallah ce ko Kirsimeti, shi yana nan ido biyu. Na taɓa ganin ya fizge almakashi daga aljihun wata nas, wallahi kamar an harba kibiya. Akwai ɗan famfo a samansa mai riƙe sanyin, yana ƙara cik-cik, cik-cik ba hutawa, kuma muddin ina jin wannan ƙarar hankalina kwance yake.

Babana mahauci ne a kasuwar Samaru, kuma a ƙuruciyarsa ɗan tauri ne na gani na faɗa. Ina yaro na sha gani da idona, a buga gangi ya tuɓe riga, ya ɗauki wuƙar da yanzun nan aka feɗe sa da ita, ya yi ta gurzawa a ciki, a wuya, a damtse, har a harshe, wuƙar ta lanƙwashe a jefar, jikinsa ko ƙwarzane. Daga baya ya tuba ya bar wasan, ya zama mutumin sahun gaba a masallaci. Ni ne ɗansa na fari, don haka tunda aka haife ni bai taɓa kama sunana ba. "Kai wannan" ne, da na yi karatu kuma ya koma tsokanata da "Injiniya". Ni kuwa, bari in faɗi gaskiya ko da za ku zage ni, kunyar tarihin nan nasa nake ji. In abokai suka tambaya sai in ce Baba ɗan kasuwa ne, in canja zance.

A shekarar da nake ba ku labari ciwon kai ya kama shi. Ba ciwon kan da ake shan ƙwaya ya tafi ba, irin wanda yake sa babban mutum ya dafe bango. Sai ido ɗaya ya fara dishi-dishi, sai hannun dama ya fara sakin wuƙa, mutumin da ya yi shekara hamsin yana riƙe da ita. Wata rana ya yanke jiki ya faɗi a gaban teburinsa. Likitan da ya duba shi ya ce akwai alamar wani abu na tsirowa a cikin kai, kuma ba za a taɓa shi ba sai an ga hoto. Ya rubuta takarda. Ni da na ga takardar har wani daɗi na ji, Allah ya yafe mini, na ce yau ga ranar da aikina zai yi wa gidanmu amfani.

Bayan la'asar na same shi a zaure a kan buzunsa, na zauna a ƙasa na yi masa bayani dalla-dalla, har da alfahari. Na gaya masa labarin wayar da wutar da sanyin. Ya saurara bai katse ni ba, sannan ya ce, "Kai wannan, ka ce sau ɗaya aka zuba masa, ya riƙe har yau?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Baba."

Ya ce, "To ran da sanyin ya kuɓuce fa?"

Na ce ai sai ya saki duk abin da ya riƙe a lokaci guda, amma wannan ba ya faruwa haka kawai.

Can ya ce, "Ashe irin namu ne." Na ce wane irin naku? Ya ce, "Ku kuna tsammanin tauri hana wuƙa yanka yake yi. Ba ya hanawa. Riƙewa yake yi. Duk wuƙar da na taɓa ɗorawa a jikin nan ta yi yankanta, yankan yana nan a ajiye, ba a dai sake shi ba ne. Wanda ya ba ni ya gaya mini haka tun kafin in haɗiya. Ni na tuba, amma abin da na sha ba ya fita da tuba. Masu riƙo biyu kuwa ba a haɗa su ɗaki ɗaya, Injiniya. Ka bar ni da ciwon kaina."

Kai, ranar na ji haushi! Na ce a raina wai a wannan zamanin, ga asibiti ga ilimi, tsoho zai mutu saboda tatsuniya. Ban iya yi masa musu a fuska ba, sai na bi ta bayan gida. Na je na zuga Inna, mahaifiyata, na ce mata in ba a yi hoton nan ba to ta fara shirin takaba. Kwana uku tana kuka a kansa. A rana ta huɗu na durƙusa a gabansa na faɗi maganar da har in shiga kabari ba za ta bar kunnena ba. Na ce, "Baba, ni nake kula da injin nan, na san shi kamar yunwar cikina. In wani abu ya same ka, a wuyana." Ya dube ni ya daɗe, wanda ba ɗabi'arsa ba ce, sannan ya ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Ranar Alhamis muka je, ana tsakiyar bazara, rana tana dukan kwanon rufi kamar da gayya. Mai ɗaukar hoton wata mata ce, Madam Rifkatu, 'yar Wusasa, mace mai tsantseni da ba ta wasa da aikinta. Akwai takardar tambayoyi da ake cikewa kafin kowa ya shiga: an taɓa yi maka aiki an sa ƙarfe, akwai harsashi a jikinka, kana walda, da sauransu. Na karɓe takardar na ce ni zan cike wa Baba. A'a, a'a, a'a, na bi na zana. A ƙasa akwai wani layi da ya ce, akwai wani abin da ya kamata mu sani? Na tsaya da biro a kan layin nan, Baba yana kallona, na ja masa dogon zare na wuce. Me zan rubuta? In rubuta tauri a yi mini dariya a wurin aikina?

Aka ba shi rigar asibiti, ya miƙo mini hularsa da agogo da zobe. Madam ta zagaya jikinsa da sandar nan mai kuka in ta ji ƙarfe, ba ta yi ko ƙyas ba. Sai aka zo sa masa allura a bayan hannu, don akwai ruwan da ake turawa a jijiya hoton ya fito sosai. Nas ta soka, allura ta lanƙwashe. Ta yi tsaki ta ɗauko wata, ita ma ta lanƙwashe. Ta uku Madam ce da kanta ta karɓa, ta kama hannun da kyau ta danna, wallahi ina tsaye allurar ta karye biyu. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Injiniya, akwai abin da ba ka gaya mini ba?"

Nan ne fa Allah ya ba ni ƙofa ta ƙarshe, ni kuma na sa ƙafa na rufe ta. Na yi 'yar dariya na ce, "Haba Madam, hannun mahauci ne, ya sha gishiri da rana. A yi hoton haka ba ruwan, likita zai gani." Ta ce to.

Ni na riƙe hannunsa muka shiga ɗakin. Muna tsallake ƙofa na ji ƙarar famfon nan ta yi tuntuɓe, cik-cik, sai shiru na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba. Shekara shida ina jin ƙarar nan ban taɓa jin ta yi haka ba. Na ji, kuma na yi kamar ban ji ba. Na kwantar da shi, Madam ta gyara masa kai, ta toshe masa kunne, ta sa masa ɗan abin matsawa a hannu ta ce, "Baba, in ka ji ba daɗi ka matsa, za mu fito da kai nan take." Ya ce, "Na gode, 'yata." Gadon ya ja shi ciki a hankali har ya zama tafin ƙafarsa kawai nake gani, da kaushinsa. Muka fito muka rufe ƙofa, muka zauna a bayan gilashi.

Injin ya fara bugunsa, gaf-gaf-gaf, kamar yadda ya saba. Minti ɗaya, biyu, uku, komai lafiya, hoton farko har ya fara fitowa a allo. Na fara sakin numfashi, har ina shirya tsiyar da zan yi wa tsoho a hanyar gida.

Sai na ji an kira sunana.

Akwai 'yar lasifika da muke jin mara lafiya ta cikinta. Ta nan muryar ta fito, muryar Baba, a natse ba ihu, ya kira sunana na yanka, cikakke, sau ɗaya. Jama'a, shekarata talatin da takwas a lokacin, ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Ban ma gama miƙewa ba sai muka ji wani irin dum! kamar an jefo buhun siminti daga sama. Sai ƙugi a cikin bututun da ya bi ta rufi. Lambobin allon injin suka riƙa zubowa ƙasa a gaban idona. A waje mutane suna ta salati, wai gobara, don wani farin hayaƙi ne ya turnuƙe saman ginin da tsakar rana, mai sanyi, har masu shaguna na kusa suka watse. Injin ya saki. Abin da ya riƙe shekara da shekaru ya tafi a cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, kuma babu wanda ya taɓa komai.

Na banke ƙofa na shiga, na jawo gadon da hannu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Rigar asibitin nan shuɗiya ce, amma abin da na gani ja ne, yana yaɗuwa. Madam ta yaye rigar, sai ta ja da baya ta ce, "Yesu!" Jikin Baba duk zane ne. Yanka ne sirara, a jere a jere, wasu kan wasu, a ciki, a damtse biyu, a gefen wuya, kuma da ya buɗe baki jini ya biyo ta harshe. Babu mai zurfi sosai a cikinsu, amma ba su ƙirguwa. Kuma na san wuraren nan. Na san su ɗaya bayan ɗaya, don a nan nake ganin yana gurza wuƙa ina ɗan yaro a kan kafaɗar ƙanen Inna ina tafi.

Ku tuna fa, babu ƙarfe a ɗakin nan, ba zai ma yiwu a samu ba. Ko reza ce da tuni injin ya fizge ta tun muna shiga.

Idonsa biyu. Ya dube ni, ba fushi ba komai, ya ce a hankali, "Ka gani ko, Injiniya?" Nas ta zo a guje da allura don a sa masa ruwa, ta ɗora kawai allurar ta shige kamar a cikin tuwo. Ina ganin wannan na zauna a ƙasa na fashe da kuka kamar mace mai naƙuda.

Muka kwashe shi zuwa babban asibiti a Shika. Sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu, an ɗinke abin da zai ɗinku, an ƙara masa jini, ƙannena biyu suka bayar. Amma a rufe nan, can ya tsatso. Likitoci suka yi ta tambayata wa ya yi masa wannan aika-aika, har wani ya so a kira 'yan sanda, sai da Madam ta zo da kanta ta ba da shaida cewa da lafiyayyar fata ya shiga, a gabanta. Wani ya ce wataƙila ciwon jini ne da ba a gano ba. Na ce to ciwon jini ne yake zana layi a miƙe? Ranar Lahadi da hantsi Baba ya cika. Bai sake kiran sunana ba, kuma bai taɓa cewa na cuce shi ba, wanda da ya faɗa wataƙila da na fi samun sauƙi.

Masu gyara sun zo daga Legas, sun kwana biyu suna kwance wannan suna ɗaura wancan. Famfo lafiya, wuta lafiya, hiliyam a cike yake da safiyar ranar, da hannuna na rubuta. Babbansu ya ce mini wani lokaci injin yakan saki ba dalili. Na ce masa to. Hoton nan guda ɗaya da ya fito kuwa, likitan da ya gani ya ce abin da ke kan Baba ƙari ne a wurin da hannu zai iya kaiwa, da an samu yi masa aiki da wataƙila ya tashi. Ban san ko don ya kwantar mini da hankali ya faɗa ba, amma ƙara mini wuta ya yi. Ban sake taka wurin aikin nan ba. Na koma Samaru ina gyaran janareta da wayarin ɗin gidaje, ko hanyar Sabon Gari ba na son bi.

Na yi istigfari, na yi sadaka, na tambayi malamai. Wani ya ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, babu mai mutuwa sai da kwanansa. Amma ni na ce a wuyana, kuma a wuyan nawa yake. Da na sani ƙeya ce, jama'a.

To ga abin da ya sa na yi magana yau. Wata huɗu ke nan ni ma ciwon kai ya kama ni, gefe guda, irin mai sa a dafe bango. Idona na dama ya fara dishi-dishi. Makon jiya sukundireba ta faɗi daga hannuna sau biyu ina kan tsani. Na je asibiti, likita ya duba ni, ya jawo takarda ya rubuta. Tun kafin ya miƙo na san abin da ya rubuta.

Na wuce gidan Inna da takardar, ban ma san dalili ba. Tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Da na gaya mata sai ta ajiye faifan, sannan ta ce, "Kai wannan, tunda ka yi wayo ka taɓa ganin ƙarfe ya fitar maka da jini?"

Na buɗe baki zan ce sau nawa, sai na tsaya. Ƙaya ta soke ni, kwalba ta yanke ni, na faɗi a mashin kwalta ta kwashe mini fatar gwiwa. Amma ƙarfe? Wanzami bai taɓa ƙwarzane ni ba. In na je allura sai nas ta yi ta fama ta ce fatata ta cika kauri, a ba ni ƙwaya. Ran da za a ƙara wa Baba jini ma ni aka fara gwadawa, aka kasa samun hanya, na ɗauka tashin hankali ne ya ɓoye jijiyar.

Inna ta ce, "Lokacin da aka yi muku kaciya kuna kwance kuna jinya, a romon kazar da ake kai maka babanka ya zuba maganin taurin. Kai kaɗai, don kai ne na fari. Ya ce duniya ba tabbas, gara ɗansa ya shiga cikinta a rufe. Ni na dafa romon, da hannuna na kai maka." Ta share ido da bakin zane ta ce, "Ya hana ni faɗa. Da kana shiga ɗakin nan kullum kana fitowa lafiya sai muka ce ko bai kama ka ba."

Ina shiga ɗakin kam, amma ban taɓa kwanciya a cikin ramin ba, ko sau ɗaya.

Duk mai aikin wuta ya san yadda muke feɗe waya in babu abin feɗewa a kusa. Reza ake ɗorawa a kan wayar, a tokare da babban yatsa, a murza. Shekara ashirin da wani abu ina yin haka, kullum, sau goma, sau hamsin. Abokan aikina duk yatsunsu tabo ne, ni nawa sumul, har ina yi musu gorin rashin iya aiki. Ban da kwanon rufin da ya sha zamewa a tafina, ban da askin da ake bi da aska har maƙogwaro duk ranar Juma'a.

Takardar tana aljihuna yanzu haka da nake rubuta muku wannan. Likita ya ce kada in wuce wata guda. In ban shiga injin ba, na ga yadda ciwon yake cin mutum. In na shiga, wannan ma na gani. Ban ce ku yarda da tauri ba, ni kaina har yau ban san me zan kira abin da idona ya gani ba. Abin da kawai zan roƙe ku, in tsohonku ya ce muku akwai abin da ke jikinsa, kada ku yi masa dariya don kun yi boko, ku kai maganar gaban masu aikin ko da za a yi muku kallon ƙauyawa, kuma kada ku cike wa kowa takardar nan da hannunku. Ku kuma iyaye, don girman Allah, ku daina zuba wa 'ya'yanku abin da ba su roƙa ba.

Ku sa Babana a addu'a. In da saura, ku sa ni. Tun jiya babban yatsana na dama yake ƙaiƙayi, na duba na sake dubawa, babu komai a jikinsa tukuna.